Kwalbar jini da ɓeran gwaji: dokokin da ke tsakanin Samaru da ƙetare

Duk wanda ya taɓa zama da ɗaliban babban digiri na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, ya san wannan hirar. Ɗalibi ya sha yawon rugage a wajen Giwa ko Soba, ya ɗebi jinin shanu, ya jera 'yan kwalabe a firiza, kullum yana addu'ar kada a ɗauke wuta ta daɗe. Abin da ya rage masa shi ne a karanta ƙwayoyin halittar cutar da ya samu, injin da zai yi aikin kuwa yana wata jami'a a Turai inda malaminsa ke da aboki. Sai wani ya kawo shawara: "Ai Farfesa zai tafi taro Ingila makon gobe, a naɗe a leda a cusa masa a jaka mana." Mu mutanen aike ne. Yaji da kuka da kilishi duk a jakar matafiyi suke tafiya, to me zai hana kwalba goma? Kilishin ma dai, in an gan shi a filin jirgin Landan, ƙwacewa ake yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka akwai wata takarda guda mai suna "izini" wadda in an same ta an gama. Tambayoyi uku ne daban, kuma masu yin su ba ofishi ɗaya suke ba. Kamfanin jirgi yana so ya san ko kwalin zai yi yoyo ya cutar da ɗan dako ko fasinja. Hukumomin kan iyaka suna so su san ko abin da ke ciki zai shigo musu da cutar da ba su da ita. Kwamitin ɗa'ar bincike da ma'aikatar muhalli kuma tambayarsu ita ce: abin nan na wane ne, kuma wa ya yarda a fita da shi? Wanda ya amsa guda ya bar biyu, a sito kayansa za su lalace.

Ba don a wahalar da masu bincike aka ƙirƙiro wannan ba. A 1967 an kai wasu birai daga Yuganda zuwa ɗakunan gwaje-gwaje a Marburg da Frankfurt na Jamus da kuma Belgrade, ana amfani da ƙodarsu wajen aikin allurar rigakafi. Mutum 31 suka kamu da wata cutar da ba a taɓa gani ba, 7 suka mutu, cutar ta ci sunan garin Marburg har yau. Shekara biyu bayan haka abin ya zo gida: a 1969 aka aika jinin ma'aikatan jinyar da suka kamu da baƙon zazzaɓi a garin Lassa da Jos zuwa Jami'ar Yale a Amurka. Masanin da ke jagorantar aikin, Jordi Casals, ya kamu ya sha da ƙyar, wani ma'aikacin ɗakin gwajin kuma ya rasu.

Labarin da ya fi shafar mutanen Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello shi ne na gafiya. A 2003 aka shigar da ƙananan dabbobi kusan 800 daga Ghana zuwa jihar Texas, don masu kiwon sha'awa, cikinsu har da gafiya. Suka shafa wa wasu dabbobin can masu kama da kurege ƙyandar biri, su kuma suka shafa wa mutane. An ƙirga mutum 47 a jihohi 6. Tun daga lokacin Amurka ta haramta shigo da dangin ɓera na Afirka, da rai ko a mace, sai da izini na musamman daga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC. Gafiya kuwa dabba ce da aka yi rubuce-rubuce da yawa a kanta a Zariya, daga ƙwaƙwalwarta har ƙashinta. Wanda ke son kai tsokarta wani ɗakin gwaji a Amurka, wannan haramcin ne zai fara tarar sa.

Mu fara da kwalin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kayan haɗari gida tara, abubuwa masu ɗauke da cuta suna sashe na biyu na gida na shida, wato 6.2, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA kuma tana fitar da littafin ƙa'idojinta sabo kowace shekara. A wannan gida akwai rukuni biyu. Rukunin A shi ne abin da in ya zube zai iya kashe lafiyayyen mutum ko dabba, ko ya nakasa shi har abada. Lambarsa UN2814 in yana kama mutane, UN2900 in dabbobi kaɗai yake kamawa. Rukunin B shi ne sauran, lambarsa UN3373, kuma a nan mafi yawan samfuran da ake ɗiba a asibiti ko a ruga suke faɗawa.

Inda ake ruɗewa shi ne cuta ɗaya tana iya zama a ko wanne rukuni, gwargwadon yadda aka ɗauko ta. Ƙwayar Lassa da ta Ebola rukunin A ne ko ta yaya suka zo, ko da ɗigon jinin wanda ake zargi ne. Amma haukan kare, da murar tsuntsaye mai tsanani, da ciwon huhun shanu, da ciwon baki da kofato wanda makiyaya ke kira boru, ba sa shiga rukunin A sai in an raini ƙwayar a ɗakin gwaji ta ninka kanta. Wato jinin saniyar da ake zargi da ciwon huhu rukunin B ne, faranti ɗaya na ƙwayar da aka raina daga jinin nan kuma rukunin A. Bambancin kuɗi da wahala tsakanin biyun ba kaɗan ba ne. A jirgin fasinja, kwali ɗaya na rukunin A ba zai wuce mililita 50 ko giram 50 ba, a jirgin kaya zalla lita 4 ko kilo 4. Dole mai aikawa ya cike takardar shelar kayan haɗari ya sa hannu, kuma dole ya zama ya yi horo, horon da ake sabuntawa duk wata 24. Ba kowane farfesa ne dokar ta yarda ya rufe kwalin ba, komai yawan digirinsa.

Shi kansa rufin hawa uku ne. Kwalbar da samfurin ke ciki, wadda ba ta yoyo. Sai a naɗe ta da abin tsotse ruwa, wanda zai iya shanye duk abin da ke ciki in ta fashe, a saka a mazubi na biyu shi ma mara yoyo. Sai kwali mai ƙarfi a waje. Ɗaya daga cikin mazuban ciki dole ya jure bambancin matsin iska na kilofaskal 95, domin a sama matsin iska raguwa yake yi, murfin da ke zaune lafiya a teburin Samaru yana iya tsiyaya a can. Kwalin rukunin B ana gwada irinsa da faɗowa daga mita 1.2, na rukunin A daga mita 9. Ko wannensu kuma ba a yarda fasinja ya sa a jakar hannu ko jakar awo ba. Shawarar a cusa wa Farfesa a jaka a nan ta mutu.

Sai maganar sanyi, wadda a wajenmu ita ce ainihin ciwon kai. Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78 ƙasa da sifili, kuma ita ma kayan haɗari ce mai lambarta, UN1845. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa, kilo ɗaya ya ba da sama da lita 500. In aka toshe ta a mazubin da iska ba ta fita, fashewa zai yi, shi ya sa dole kwalin ya zama mai numfashi kuma a rubuta nauyinta a jiki. Kullum raguwa take yi. Idan aka zuba ta kwana uku, takarda ta riƙe kaya kwana shida a filin jirgi, abin da zai iso shi ne kwali mai ɗumi da aikin shekara biyu a ciki. Ba kuma abin da za ka aiki yaro kasuwar Samaru ya sayo ba ne. Akwai tulu na musamman da ke tsotse ruwan naitirojin a bangonsa ya riƙe sanyi kwanaki da dama ba tare da ruwa na yawo a ciki ba, sai dai tsada gare shi, kuma sai an dawo da shi.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi ita ce ko lalle sai ƙwayar mai rai ake bukata a can. Sau da yawa ba a bukata. Ɗigon jinin da aka busar a takardar tacewa ba ya cikin dokar kayan haɗari ta jirgi, haka sinadarin gado na DNA da aka tace aka tabbatar babu sauran cuta mai rai a cikinsa. Wannan ya sauƙaƙa tambayar farko, amma bai taɓa ta biyu ba. Ƙasar da ke tsoron boru ba ta damu da cewa jinin saniyar ya bushe ba, sai ta ga takarda.

Tambaya ta biyu tana da ƙa'ida guda da in an riƙe ta an huta: izinin shiga shi ne farko, kuma daga ƙasar da kaya za su sauka yake fitowa. Mai karɓa ne zai nema, ba mai aikawa ba. A cikinsa ake rubuta sharuɗɗa, irin gwajin da za a yi, irin maganin da za a sa, tashar da za a sauka. Da shi ne likitan dabbobi na gwamnati a ƙasar da za a tashi zai rubuta takardar shaidar lafiya, bisa tsarin Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Faris, wadda aka kafa a 1924. Takardar shaidar nan kwanakinta ƙididdigaggu ne, wanda ya karɓe ta da wuri kafin ya sami gurbi a jirgi sai ya sake wata. Mai aikawa Amurka zai iya bukatar izini biyu, na ma'aikatar gona saboda dabbobi, na CDC saboda mutane.

In kayan shigowa Najeriya za su yi, izinin dabba daga ofishin Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa a Abuja yake fitowa, jami'an hukumar killace kayan gona ta NAQS kuma su ne ke tsaye a filayen jirgi da tashoshin ruwa suna dubawa, suna da ikon tsarewa ko mayarwa ko lalatawa. Iri da saiwa da ƙasa, waɗanda suka fi shafar mutanen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, su ma ta hannun NAQS suke bi, wasu sai sun yi zaman killacewa a Moor Plantation da ke Ibadan kafin su ga gonar gwaji. Manomin Kaduna da Kano da ya ga abin da tsutsar tumatir 'yar asalin Kudancin Amurka ta yi a 2016 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan.

Idan an sauya ƙwayoyin halittar abin, ɓera ne ko iri ko ƙwayar bakteriya, sai a ƙara da hukumar da ke sa ido a kan irin wannan sauyi, wato NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa, aka faɗaɗa ikonta a 2019. Ita ce ta ba da izinin waken nan mai jure tsutsa da IAR ta fitar a 2019 da sunan SAMPEA 20-T, don haka hanyar ofishinta ba baƙuwa ba ce ga Samaru. Sinadarai da kayan gwaji da alluran rigakafi kuma NAFDAC ce ke da su. Bayan duk waɗannan ga kwastan da takardunsu. Ko ɗaya daga cikin hukumomin nan ba ta karɓar takardar 'yar'uwarta a madadin tata.

Akwai wani tarko da ko tsofaffin hannu kan faɗa. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, tana kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kuma ba dabba mai rai kaɗai take nufi ba, har gashinta da jininta da tsokarta. Duk wani nau'in biri yana cikinta. Aku da ɗan-kunya an ɗaga su zuwa mataki mafi tsanani a 2016. To, ƙwayoyin jiki da ake kira Vero, waɗanda ake rainon ƙwayoyin cuta a kansu a ɗakunan gwaji na duniya, daga ƙodar wani koren biri na Afirka aka samo su a Japan a 1962. Birin ya mutu fiye da shekara 60, amma jikokin ƙwayoyinsa in za su ƙetare iyaka har yau sai da takardar CITES. A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke bayarwa.

Tambaya ta uku ita ce aka fi rainawa, ni kuwa ita na fi ɗauka da muhimmanci. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, wanda kwamitin NHREC ya fitar a 2007, ya ce fitar da samfuri daga Najeriya, na mutum ne ko dabba ko tsiro, sai da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa kaya tsakanin cibiyar da ke bayarwa da wadda ke karɓa. A ciki ake fayyace me aka aika, nawa ne, me za a yi da shi, yaushe za a lalata ko a dawo da ragowar, wa aka hana a ba shi, sunan wa zai fito a rubutu, kuma in an samu abin sayarwa yaya za a raba. Cibiya ce ke sa hannu, ba malami a karan kansa ba. Idan jinin mutane ne, dole takardar amincewar da suka sa wa hannu tun farko ta ambaci cewa za a fita da shi waje. Mu da muka ga abin da gwajin maganin Trovan ya bari a Kano a 1996, da yadda ya taimaka wajen sa iyaye gudun allurar shan-inna bayan shekaru, bai kamata mu ɗauki amincewar mutane abin wasa ba.

Wannan rigimar ta duniya ce. A 2007 Indonesiya ta daina ba da samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana karɓar ƙwayar kyauta a yi rigakafi a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba. Sai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cimma tsarin raba amfani a kan ƙwayoyin mura. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ɗora irin wannan sharaɗi a kan albarkatun halitta gaba ɗaya, har da sanin gargajiya da ke tare da su. Wannan ya shafi ɗan sashen harhaɗa magunguna da ya karɓi saiwa daga hannun mai magani a ƙauye ya tatsi ruwanta. Jami'o'in Turai da yawa yanzu ba sa karɓar irin wannan sai sun ga shaidar an same shi ta hanyar da ta dace, domin dokarsu na binsu.

Kada a fahimce ni da cewa a rufe ƙofa. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta farko da aka tabbatar a Afirka a wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna, a farkon 2006. Samfurin ya bi ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ya tafi Padova a Italiya, daga can aka tabbatar a watan Fabrairu. Da ba a aika ba, da an daɗe ana kiran abin da wani suna kaji na mutuwa. Abin da nake ƙi shi ne a aika ba rubutu, bayan shekara uku mutum ya ga sakamakon shanun Soba a mujalla babu sunan kowa daga Zariya.

Dabba mai rai kuma wani babi ne. Me ya sa ma mutum zai sayo ɓera daga Amurka alhali ga su nan a rumbu? Domin ɓeran gwaji irin su C57BL/6 da BALB/c an riƙa haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwa aƙalla zuriya 20 a jere har suka zama kamar tagwaye, kuma an raine su babu wasu sanannun cututtuka. Sakamakon da aka samu a kansu a Zariya ana iya gwada shi da na Tokyo. Fararen ɓerayen da ake kira Wistar, waɗanda kusan kowane kundin digiri a nan ke ambata, asalinsu wata cibiya ce a Philadelphia. Amma garken da aka shekara da shekaru ana hayayyafa shi a gida babu rajistar zuriya, a ganina sunan ne kawai ya rage, kuma masu tantance mujallu sun fara tambaya.

Kafin a yi oda, sai kwamitin kula da amfani da dabbobi na jami'a ya amince da aikin, manyan masu sayarwa irin su Jackson Laboratory ma sukan so su san ɗakin da dabbar za ta sauka. IATA tana da littafi daban na dabbobi masu rai: akwati mai tagogin tace iska, adadin da za a zuba gwargwadon nauyinsu, abinci mai kamar kamu wanda ke zama ci da sha tare, tunda ruwa zubewa zai yi. Kamfanonin jirgi da dama ba sa ɗaukar dabbobin gwaji sam, Air France ma da ta daɗe tana ɗaukar birai ta sanar a 2022 cewa za ta daina. Waɗanda ke ɗauka sukan ƙi idan zafi ya yi yawa a tashar tashi ko ta ratse ko ta sauka. Ɗakin ɓera tsakanin digiri 20 da 26 ake so ya tsaya. Ka auna wannan da filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Afrilu, sannan ga tafiyar mota zuwa Samaru. Mai hankali yakan saita odarsa da sanyin hunturu, ya tabbatar jirgi ba ranar Juma'a da yamma zai sauka ba, ya kai wa jami'an killacewa kwafin takardu tun kafin ranar, mota mai na'urar sanyi tana jira. In sun iso, sai a ware su daga garken gida, a bar su su huta kamar mako guda, domin wahalar tafiya tana canza jininsu da garkuwar jikinsu. Akwai hanyar kauce wa duk wannan, wato a aiko da daskararren maniyyi ko 'yan tayi a farfaɗo da su a nan, wanda ba baƙon abu ba ne ga mutanen cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika da suka saba da maniyyin bijimai, sai dai na ɓera yana son nasa kayan aikin da nasa gwanin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kowane ɗalibi daga sifili yake fara koyon hanyar nan, yana bin ofis-ofis a Abuja da kuɗin aljihunsa. Jami'a mai girman wannan, da asibitin koyarwa da cibiyoyin bincike kewaye da ita, ta isa a ce tana da tebur guda da mutum biyu ko uku masu horon IATA, da kwalaye a ajiye, da samfurin yarjejeniya da lauyan jami'a ya riga ya duba.

Kuma ba sai kaya za su hau jirgi haɗarin ke farawa ba. Yawancin samfuranmu ba sa barin ƙasar. Daga Zariya zuwa Vom suke zuwa, ko Kaduna, ko babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Gaduwa da ke Abuja, wani lokaci a kula ɗin da aka miƙa wa direba a tashar Kwangila, ta zauna a but tare da buhun barkono da jakar wata baiwar Allah. Kan karen da ake zargi da hauka ma ta haka yakan yi tafiya. Rufi hawa uku bai fi ƙarfin kowa ba: kwalba mai murfin murɗawa, auduga isasshiya, roba mai murfi ta biyu, sannan kula, a liƙe bakinta. Takardar bayanin abin da ke ciki a sa ta a leda tsakanin roba da kula, inda jini ba zai taɓa ta ba. A jiki kuma a rubuta sunan ɗakin gwajin da za a kai, da lambar wayar mutumin da ya san abin da ke ciki, wanda zai ɗaga ko da ƙarfe biyun dare direba ya kira daga Saminaka ya ce wani abu na ɗiga.